Tambaya da Amsa: Zagayen Tafkin Daɗin Kowa da Iyali

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan tafiyar hutu suke, abin da bai ba ni mamaki ba tunda makarantu sun kusa rufewa, yara kuma sun fara matsa wa iyaye da tambayar inda za a kai su. Biyar daga cikin wasiƙun sun haɗu a kan wuri guda, wato tafkin Daɗin Kowa da duwatsun da ke kewaye da shi, saboda haka na ga ya fi dacewa in amsa su tare, in fara da wadda ta fi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman shawararka a kan wata tafiya da yarana suka ɗora mini. 'Ya'yana biyar ne, babban shekararsa 16, autar kuma shekararta 4. Sun ga hotunan bidiyo a waya inda Turawa ke shiga mota da iyalansu suna zagaya wani tafki a tsakiyar duwatsu a ƙasar Suwizalan, suna tsayawa nan da can suna ɗaukar hoto, sai babban ya ce ai mu ma muna da irinsa a Daɗin Kowa ta jihar Gombe. Ina da mota Sharon, kuma mahaifiyata ta ce ƙafarta ƙafarmu, domin tun tana yarinya take jin labarin Dutsen Bima ba ta taɓa ganinsa ba. Shirina shi ne mu tashi daga Bauchi bayan sallar asuba, mu zagaye tafkin gaba ɗaya, mu dawo gida kafin magariba. Shin hakan zai yiwu? Kuma wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiyar? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wani magidanci, Unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya kuma raya zuri'a. Ɗanka bai yi kuskure ba, domin Daɗin Kowa wuri ne da ya cancanci a ɗebi iyali a je a gani. Sai dai shirin naka yana da gyara a wuri biyu, kuma gara in faɗa maka tun yanzu da ka je ka gano da kanka a tsakiyar hanya da tsohuwa da ƙananan yara a mota.

Gyara na farko shi ne maganar zagaye. Tafkunan da yaranka suka gani a waya an shimfiɗa musu kwalta a gefen ruwa, an tanadi wuraren tsayawa musamman domin masu yawon buɗe ido. Tafkin Daɗin Kowa ba don kallo aka yi shi ba. Gwamnatin tarayya ce ta datse kogin Gongola a shekarun 1980 domin noman rani da ruwan sha da wutar lantarki, ruwan ya taru a bayan madatsar ya miƙe arewa mai nisa, ya shiga kwaruruka da fadamu, gaɓarsa ta gabas kuma ta kusanci ƙauyukan jihohin Borno da Yobe. Babu wata kwalta guda da ta bi bakin ruwan ta kewaye shi. Abin da ake da shi shi ne manyan hanyoyi da ke can nesa da gaɓa, sai ƙananan hanyoyin burji da na yashi da ke ratsewa daga jikinsu zuwa ƙauyukan masunta, waɗanda da yawansu babur da motar ɗaukar kaya suka fi dacewa da su, ba Sharon mai ɗauke da mutum takwas ba. Wanda ya dage sai ya zagaye zai ƙare yininsa yana kallon gonakin dawa da ƙura, ruwan da ya zo gani kuwa ba zai hango shi ba sai jefi-jefi. Shawarata ita ce ka cire kalmar zagaye daga ranka, ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu a kusa da madatsar, ku sauka ku shimfiɗa tabarma ku zauna sa'o'i, domin kyan wurin ba ya bayyana ga mai leƙe ta tagar mota.

Gyara na biyu shi ne maganar yini guda. Daga Bauchi zuwa Gombe kimanin kilomita 150 ne, daga Gombe zuwa madatsar kuma kimanin 37, ka ga zuwa da dawowa sun haura kilomita 370, ban da abin da za ku yi a can. Direba shi kaɗai zai iya, amma mota mai yara ba ta tafiya irin ta direba shi kaɗai: wannan zai ce fitsari, wancan amai, Hajiya kuma za ta buƙaci ta sauka ta miƙe ƙafa. Idan ka matsa sai an dawo ran nan, to dare zai same ka a tsakanin Alkaleri da Bauchi kana fama da hasken fitilun manyan motoci da gajiya a ido, kuma a irin wannan lokacin ne sauri kan haifi nawa. Ku kwana a Gombe. Ku baro Bauchi da hantsi a ranar farko ba tare da gaggawa ba, ku sauka wurin 'yan'uwa ko a masauki, washegari da sassafe ku nufi Daɗin Kowa, ku dawo Gombe kafin la'asar sakaliya, a rana ta uku ku kamo hanyar gida.

Akwai wani abu a hanyar da nake so ka nuna wa yara, wanda matafiya da yawa ke wucewa ta kansa ba su lura ba. Idan kuka iso Dindima, inda hanyar Yankari ke ratsewa, za ku hau gada, kuma kogin da ke ƙarƙashinta shi ne Gongola, wato ruwan da za ku je kallo washegari. Ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, amma maimakon ya bi ku kai tsaye zuwa gabas sai ya yi arewa, ya wuce ta Gombe Abba, tsohuwar hedkwatar masarautar Buba Yero, ya kai Nafaɗa, daga nan ya karyo kwana ya yi kudu, ya zuba cikin tafkin Daɗin Kowa, ya fita ta madatsar ya gangara zuwa madatsar Kiri a jihar Adamawa, kafin ya haɗu da Binuwai a Numan. Ka rage gudu a kan gadar, ka ce wa yara su yi wa ruwan sallama domin gobe za ku sake haɗuwa da shi bayan ya yi doguwar tafiyar da ta ninka taku. Yaron da aka nuna wa wannan da idonsa ba zai sake rikicewa a kan taswirar koguna a aji ba.

Daga Gombe za ku bi hanyar Biu, ku wuce Liji da Kwadon, inda za ku ga albasa da tumatir da tattasai jibge a gefen titi, kuma tun kafin ku isa Daɗin Kowa Dutsen Bima zai fara bayyana a gabanku, doguwar kunya ta dutse da ta kwanta a gefen kogin. Masana ilimin ƙasa ma da sunansa suka kira wani nau'in dutsen yashi da ya shimfiɗu a wannan yanki. Madatsar kanta tana 'yan kilomitoci arewa da garin. Ka tuna cewa wuri ne na aiki, yana ƙarƙashin kulawar hukumar raya kogin Binuwai ta sama mai hedkwata a Yola, daga nan ake tura ruwan famfo zuwa birnin Gombe, kuma akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 wadda sai bayan fiye da shekara talatin da gina madatsar ta fara aiki. Saboda haka za ku tarar da masu gadi da jami'an tsaro. Ka sauka ka yi musu sallama, ka faɗi abin da ya kawo ku, ka tambayi inda aka yarda baƙi su tsaya da inda aka yarda a ɗauki hoto, sannan ka gargaɗi babban ɗanka kada ya ɗaga waya kafin a ba shi izini. Idan kana da aboki ko ɗan'uwa a garin, ko wani ma'aikaci a kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya da ke can, ka sanar da shi zuwanku tun kafin ku taso, da ɗan gari akan ci gari. Shi ne kuma zai gaya maka halin da hanyoyin ƙauyuka ke ciki a makon, da inda bai kamata baƙo ya zarce ba, musamman ta ɓangaren gabas bayan an haye gada.

Game da lokaci, ban san wanda ya kai ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ba. Damina ta ɗauke, tafkin a cike yake, duwatsu ba su gama bushewa ba, sararin sama kuma a buɗe. Daga nan sai hazo ya sauka, kuma ni kaina na taɓa shan wannan darasi. Wata shekara na kwashi yarana a cikin Janairu, na yi ta ba su labarin Bima tun daga gida, muka isa muka tarar da buji ya rufe komai, ruwa da sama sun zama fari ɗaya, ko kwale-kwalen da ke kusa da gaɓa da ƙyar ake hango shi. Ƙaramar 'yata ta juya dama ta juya hagu, ta ja mini riga ta ce, "Baba, an ɗauke dutsen ne?" Har yau idan na yi musu alkawarin wani abu sai yayyenta su tambaye ni ko irin na dutsen ne. Tunda hutun yaranku a Disamba zai faɗo, ku yi tafiyar a kwanakin farko na hutun, kuma ka yi gwaji mai sauƙi da safen da za ku tashi: idan ba ka iya hango duwatsun da ke kewaye da Bauchi daga ƙofar gidanka, to akwai yiwuwar Bima ma ya ɓuya, gara a ɗaga tafiyar da kwana biyu. Watannin Maris da Afrilu ban ba ka shawararsu ba da tsohuwa a mota, domin zafin kwarin Gongola a lokacin kan haura maki 40. A Agusta da Satumba kuwa ƙasa ta yi kore shar, amma hanyoyin burji sun jiƙe, ruwa kan yanke kwalbati, kuma a lokacin ne akan saki ruwa daga madatsar idan ta cika.

Motar kuma ka kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, ba ranar tafiya ba, ya duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto da fambel. Taya ita ce abin da aka fi yi wa sakaci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma tayar da ta tsufa tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba. Ka tabbata safaya tana da iska, jak da abin kwance taya suna cikin but, takardun mota ba su ƙare ba. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 80 a sa'a a irin wannan titi, da 50 a cikin gari, yara 'yan ƙasa da shekara 12 kuma kujerar baya ce wurinsu, ba cinyar mahaifiyarsu a gaba ba. Ka ajiye lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra a wayarka da ta uwargida.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu a Gombe muke, kuma maigidana ya yi wa yara alkawarin kai su Daɗin Kowa. Damuwata ita ce 'ya'ya maza uku gare ni, dukansu marasa jin magana idan suka ga ruwa, kuma tun yanzu sun fara cewa za su yi iyo su kuma hau kwale-kwale. Mahaifinsu ya ce in daina tsoro, shi ma a rafi ya girma. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin ina da hujja, ko tsoron mata ne kawai kamar yadda yake faɗa?

Daga wata uwa, Pantami, Gombe.

AMSA: Hajiya, kina da hujja, har guda uku, kuma ina roƙon ki miƙa wa maigida wannan shafi ya karanta da kansa, cikin girmamawa.

Ta farko ita ce tsargiya. Cuta ce da aka daɗe da sanin tana damun mazauna gefen madatsun ruwa da magudanan noman rani a arewacin ƙasar nan, har da yankin Daɗin Kowa. Wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani ke haddasa ta, suna girma a cikin 'yan katantanwar da ke manne da ciyayi a inda ruwa ya kwanta, daga nan su fito su yi ta yawo a cikin ruwan. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata suke shiga, kuma tsayawa a ciki zuwa gwiwa na ɗan lokaci ya isa. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A da a ƙauyuka da yawa akan ɗauki wannan alamar balagar ɗa namiji, har ma a yi wa wanda bai yi ba dariya, alhali ciwo ne da idan aka bar shi shekaru yakan lalata mafitsara ya taɓa ƙoda. Yana da magani mai suna praziquantel, ana samunsa a asibiti, amma ban ga dalilin da zai sa a je yawon shan iska a dawo da abin da zai kai mutum layin ganin likita ba. Wannan hukuncin ya shafi alwala ma: ku tafi da ruwanku a jarka da buta, kada kowa ya tsuguna a bakin gaɓa.

Ta biyu ita ce dorina. Akwai dorinai a wannan ruwa da kogin da ke ƙasa da madatsar, kuma manoman shinkafa da masara na yankin Yamaltu Deba sun sha kokawa a kan ɓarnar da suke yi musu da dare, an kuma sha samun labarin sun kifar da kwale-kwale ko sun hallaka masunci. Mai ganin dorina kwance a ruwa, kunnuwa da hanci kawai a waje, zai zaci dabba ce mai sanyin hali, amma a tudu ta fi mutum gudu a gajeren zango, wadda ke da ɗa kuwa ba ta da haƙuri ko kaɗan. Idan Allah ya sa kuka hango su daga nesa, to kun yi sa'ar kallo, ku tsaya inda kuke. Kada yara su yi jifa, kada su bi wata 'yar turba da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, domin sau da yawa hanyarsu ce, kuma ku bar bakin ruwa kafin rana ta yi ja, lokacin da suke fitowa kiwo, wanda shi ne kuma lokacin sauro.

Ta uku ita ce ruwan kansa. Rafin da maigida ya girma a ciki ya san inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ya san inda yashi yake da inda dutse yake. Tafkin madatsa kuwa kwari ne da aka cika da ruwa, a ƙarƙashinsa akwai tsofaffin gonaki da kututturan bishiyoyi da ramuka, taku ɗaya ruwa na ƙugu, taku na biyu ya shanye mutum, ga kuma tarun masunta da ke iya naɗe ƙafa. A kusa da madatsar ruwan yana da ja ta ƙasa ko da samansa ya yi lum.

Maganar kwale-kwale ba zan ce haramun ba ce, amma tana da sharuɗɗa. Masuntan wurin sun san ruwansu fiye da kowa, kuma idan aka zauna da su akan ƙaru. Na taɓa zama kusa da wani dattijo yana ɗinkin taru a gindin bishiya, zaren a tsakanin yatsun ƙafarsa, bai ɗago kai ba ya ce mini iska za ta taso kafin azahar, alhali ko ganye ba ya motsi, kuma haka aka yi. Irin wannan mutum idan ya ce kada a shiga, to kada a shiga. Idan kuwa za a shiga, a yi da safe kafin iska, a tsaya kusa da gaɓa, kada a cika jirgin, kowane yaro ya zauna a ƙasa ba a kan baki ba, kuma kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa. Idan babu rigar, yara su yi kallo daga tudu. Za su yi fushi na rabin sa'a, sai ki saya musu rake.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, kuma ina shirin kai iyalina Daɗin Kowa. Na ji ana danganta Dutsen Bima da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru. Ina so in haɗa da ziyarar inda aka yi yaƙin Burmi. Kusa suke da juna, ko sai an ware wata rana?

Daga wani malami, Kumo.

AMSA: Malam, sai an ware wata rana, ko aƙalla wani yini daban. Burmi, wadda ake kuma rubutawa Mbormi, tana ƙaramar hukumar Funakaye ne, kusa da Bajoga, wato ta hanyar da ta fita daga Gombe ta yi arewa zuwa Ashaka inda kamfanin siminti yake. Daɗin Kowa kuwa ta hanyar Biu ake zuwa. A taswira za ka ga kamar tafkin ne kawai ya raba su, amma a mota hanya mafi aminci ita ce ka koma Gombe ka sake fita.

Dangantakar da ka ji gaskiya ce. Tun a ƙarni na 19 akwai imani mai ƙarfi a tsakanin jama'a cewa Dutsen Bima na daga wuraren da ke da alaƙa da bayyanar Mahadi, abin da ya ja mutane da yawa zuwa wannan yanki. Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansaninsa a Burmi, ya gagari sarakunan Gombe shekaru, har Turawan Ingila suka kama shi a 1902 suka kai shi Lokoja. Bayan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903 da ta Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas maimakon zama a ƙarƙashin Nasara, jama'a masu yawan gaske suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa da mata da yara. A Burmi aka yi karo biyu, na farko a watan Mayu inda aka kora sojojin Ingila baya, na biyu ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu.

Kada ka sa ran tarar da gini mai ƙawa ko gidan tarihi irin na birni. Fili ne da kaburbura, kuma nauyin wurin a cikin labarinsa yake, don haka ka ba yara labarin tun a gida, ka nemi wanda zai raka ku daga Bajoga, ku je da ladabin ziyarar maƙabarta. Da ni ne, zan fara da Daɗin Kowa domin yara su ga Bima da idonsu, sannan washegari in kai su Burmi in ce musu ga inda tafiyar waɗanda suka nufo wancan dutsen ta tsaya.

TAMBAYA: Malam, idan muka taso daga Bauchi za mu yi kwana biyu a Gombe da Daɗin Kowa, za mu yi ƙasaru? Surukina da ke Gombe zai raka mu bakin ruwa, shi ma zai yi?

Daga wani mai karatu, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wannan fili ba na fatawa ba ne, amma abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya ke karantarwa sananne ne: tafiyar da ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta, muddin matafiyi bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka ba. Ku da kuka taso daga Bauchi kun wuce wannan nisa, kwana biyu kuma bai kai huɗu ba. Surukinka da zai fito daga Gombe zuwa Daɗin Kowa bai kai rabinsa ba, saboda haka shi zai cika sallarsa. Yadda za ku yi idan ɗayanku ya ja ɗaya salla, wannan ka tambayi limamin unguwarku kafin ku tashi.

TAMBAYA: Wane irin guzuri ya kamata in shirya wa mutum tara, kuma gaskiya ne kifi ya fi araha a can?

Daga wata amarya, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki shirya abin da ba ya lalacewa da wuri kuma ba ya buƙatar cokali da yawa: dambun nama, soyayyen dankali, masa da ƙuli ko yaji, dafaffen ƙwai, dabino da lemo. Dafa-duka a kula tana kaiwa azahar lafiya. Kunun aya kuwa ki bar shi a gida, domin ba ya jure zafin mota, zoɓo mai ƙanƙara ya fi shi haƙuri. Ruwan sha ki ninka abin da kike zato, ki haɗa da tabarma biyu, da buta, da babbar leda ta kwashe shara, saboda ruwan da za ku zauna a gefensa shi ne ke zuwa famfon gidanki.

Kifi kuma ana samunsa ɗanye da banda, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, wani lokaci har giwan ruwa. Araharsa ta danganta da lokacin da kika je da kuma bakinki wurin ciniki, domin da an ga mota da baƙi farashi kan ɗaga. Ki bar ɗan gari ya taya miki. Idan ɗanye za ki saya, ki ɗaga marfin kunnensa ki ga cikin ja ne, idon kuma bai dushe ba, ki saya dab da za ku taso, ki sa shi a kula da ƙanƙara, ba a but kusa da safaya ba. Idan ba ki da ƙanƙara, ki sayi banda.